Raba Shiyya a Rumbun Bayanai: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A manyan bankuna da kamfanonin sadarwa, kwamfutocin da ke ɗauke da aiki, waɗanda ake kira saba, ba a cikinsu ake tara yawancin bayanai ba. Rumbun faya-fayai ne a gefe, dukkansu suna shigarsa ta keɓaɓɓiyar hanya mai suna SAN, wadda galibi ke bin wayoyin gilashi na Fibre Channel. Na'urar da ke tsakiya tana haɗa su ita ce suwic, kuma kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwarta: Cisco mai samfurin MDS, da Brocade wanda Broadcom ya saya a 2017.

Idan aka bar ƙofa a buɗe, kowace saba za ta hango kowane rumbu, kamar gidan haya da makulli ɗaya ke buɗe dukkan ɗakuna. Saba ɗaya ta yi rubutu a faifan wata, shi ke nan, bayanai sun dagule. Raba shiyya shi ne gaya wa suwic wa zai yi magana da wa.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko, a ƙulla shiyya da lambar ramin da aka soka waya a jikin suwic. In an mayar da wayar wani rami, hulɗa ta yanke. Ta biyu, a ƙulla ta da WWPN, lambar shaida mai alamomi 16 da ke kan kowace kafar katin HBA, wato katin da ke haɗa saba da SAN. Wannan tana bin katin duk ramin da aka kai shi, amma ranar da aka sauya kati sai an gyara shiyyar. Tunda ba mai iya haddace irin waɗannan lambobi, akan laƙaba musu suna mai ma'ana, wanda zai nuna saba da kuma kafarta.

Ƙa'idar da ma'aikata suka fi yarda da ita: kafar saba ɗaya tak a kowace shiyya, tare da kafar rumbun da take buƙata. Da haka, idan wata na'ura ta faɗi ko ta dawo, sanarwar RSCN da suwic ke aikawa ba za ta tayar wa waɗanda abin bai shafa ba hankali.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen kunnawa. Ana tara shiyyoyi cikin kundi, kuma kundi ɗaya ne ke aiki a lokaci guda. A Brocade, cfgsave adanawa kawai yake yi, sai an buga cfgenable sauyin zai fara aiki. Idan aka kunna kundi alhali an bar wata shiyya a waje, nan take sabar da ta dogara da ita za ta rasa faifanta.

Shi ya sa ake gina hanyoyi biyu, A da B, da ba sa haɗuwa. A adana kwafin tsohon kundi, a taɓa A, a tabbatar sabobi na ganin faya-fayansu, sannan a matsa zuwa B. Kada kuma a manta, shiyya hanya kawai take buɗewa. Rumbun ne da kansa ke tantance faifan da kowace saba za ta samu.