Zermatt: Ƙauyen da Dusar Ƙanƙara Ta Azurta

A ƙarni na 19, Zermatt ƙauyen makiyaya ne a kudancin Suwizalan, a gindin dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara takan toshe hanya, mutane su zauna da ɗan abin da suka tara. Sunan ƙauyen ya fita duniya a 1865, lokacin da Edward Whymper, ɗan Ingila, da abokansa suka fara hawa ƙololuwar dutsen, huɗu daga cikinsu suka mutu wajen saukowa. Jirgin ƙasa ya iso a 1891, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara suka biyo baya, sai abin da a da yake tsare mutane a gida ya zama hanyar cin abincinsu.

Alherin a fili yake. Mazaunan ba su wuce dubu 6 ba, amma otal-otal sun haura 100, kuma yaron gari yana iya samun aiki ba sai ya tafi birni ba. Sun kuma yi wata dabara da ta cancanci yabo: motar mai ba ta shiga garin. A Täsch ake ajiye ta, kimanin kilomita 5 daga nan, a ƙarasa da jirgin ƙasa.

To amma wa ke wanke kwanonin otal ɗin? Da yawansu 'yan ci-rani ne, musamman daga Fotugal, kuma kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, don haka wasu a Täsch suke kwana tare da motocin. Attajirai sun saye gidaje a ƙauyukan tsaunukan Alps suna rufe su kusan duk shekara, abin da ya sa a 2012 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar hana irin waɗannan gidajen hutu wuce kashi 20 cikin 100 na gidajen kowane gari. Cunkoso ma ya taɓa yi musu illa: a 1963 zazzaɓin taifot ya ɓarke ta gurɓataccen ruwa, ɗaruruwa suka kwanta. A Janairun 2018 kuwa, baƙi kimanin 13,000 suka maƙale saboda fargabar zaftarewar ƙanƙara.

Babbar damuwar dai ita ce jarin kansa yana narkewa. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100. A bazarar 2022 sai da Zermatt ya dakatar da wasan zamiya, alhali yana tinƙaho da cewa duk shekara ake yinsa. Injin feso ƙanƙara yana rufa asiri, amma yana shan ruwa da lantarki, kuma irin wanda aka saba amfani da shi ba ya aiki sai da sanyi.

A ganina Zermatt zai jima yana cin riba, domin filayen wasansa sun kai sama da mita 3,800. Ƙauyukan da ke ƙasa-ƙasa su ne abin tausayi, kuma tuni wasu a Faransa suka rufe nasu filayen.