3.2 Kamanci da Dangantaka: Hausa da Fulfulde a Kankiya da Kusada

A ƙasar Kankiya da Kusada, kamar sauran sassan tsakiyar Jihar Katsina, Hausa da Fulfulde sun daɗe suna zaune wuri guda. Bafulatanar da ta kawo nono kasuwa da Hausa take ciniki, in ta koma ruga ta juya Fulfulde. Wannan cuɗanya ta sa jama'a da dama, har da wasu masu ilimi, suke ɗauka harsunan biyu 'yan uwan juna ne. A wannan fasali za a nuna cewa kamanci daban, dangantaka daban, kuma mai kwatanta harsuna dole ya san daga inda kowane kamanci ya fito kafin ya yanke hukunci.

Zai kyautu a fara da misali daga nesa, inda ba mu da wani ra'ayi da zai rufe mana ido. Harshen Mongol na ƙasar Mongoliya da harshen Bama na ƙasar da aka sauya wa suna zuwa Miyanma a 1989 duk suna ajiye aikatau a ƙarshen jimla, wato maimakon "Audu ya sha ruwa" sai su ce abin da ya yi daidai da "Audu ruwa sha". Haka kuma kowannensu yana ɗauke da kalmomin aro na addinin Buda: Bama ta ara daga harshen Pali, Mongol kuwa daga harshen Tibet da Sanskirit. Duk da haka babu masanin da ke haɗa su a dangi ɗaya. Bama 'yar dangin harsunan Sin da Tibet ce, tana da karin sauti. Mongol ba ta da karin sauti, abin da take da shi jituwar wasula ne a cikin kalma, kuma danginta daban. Kamancin farko na tsarin jimla ne, wanda harsuna da yawa na duniya suka yi tarayya a kansa. Na biyu kuwa addini ne ya kawo shi.

Idan aka dawo gida, kusan haka lamarin yake. Hausa da Fulfulde duk suna jera aikau da aikatau da karɓau: "Na sha ruwa" shi ne "Mi yari ndiyam". Duk suna da ɓ da ɗ da 'y, kuma suna bambanta dogon wasali da gajere. Sannan Musulunci ya ba su kalmomin Larabci iri ɗaya, shi ya sa Litinin da Laraba suka zama Altine da Alarba a bakin Fulani. Amma ko a tsarin sautin ma akwai rata. Hausa tana da karin sauti, da shi ake raba kuka na hawaye da kuka itaciya, alhali Fulfulde ba ta amfani da shi wajen bambanta kalmomi. Ba ta kuma da ƙ da ts, abin da ya sa ake saurin gane Hausar wanda ya tashi a ruga.

Masana na farko ma sun faɗa wannan rami. A 1912 Carl Meinhof ya sanya Hausa da Fulfulde a rukuni ɗaya da ya kira harsunan Ham, kuma a ganin mai wannan nazari launin fatar Fulani da sana'arsu ta kiwo sun yi tasiri a hukuncin nasa fiye da harshen kansa. Joseph Greenberg ne ya warware wannan tun daga 1949, ya kuma tabbatar da shi a littafinsa na 1963, inda ya sa Hausa a reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, Fulfulde kuwa a reshen Atlantika na dangin Nijar-Kongo.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin kalmomin da ba a cika aronsu ba, kamar ƙidaya da wakilin suna. Bafulatani yana ƙirga go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, daga nan sai ya riƙa ɗora ɗaya zuwa huɗu a kan biyar har ya kai sappo, wato goma. Babu ɗaya daga cikinsu da ta yi kama da ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Amma a harshen Serer na ƙasar Senegal, mai nisan dubban kilomita daga Kusada, uku da huɗu su ne tadik da nahik. Ke nan ɗan uwan Fulfulde yana can bakin teku, na Hausa kuwa su ne irin Bolanci da Ngizim da Bade na Jihar Yobe.

A ƙirar kalma ne bambancin ya fi fitowa fili. Hausa ta raba suna tilo gida biyu, namiji da tamata, kuma wannan rabo yana bin wakilin suna: ka da ki, ya da ta. Fulfulde ba ta san wannan ba. "O yari" yana nufin ya sha, yana kuma nufin ta sha. Wannan ne dalilin da ya sa dattijon ruga kan ce "matata ya zo", a yi masa dariya, alhali nahawun harshensa ne yake bi. A madadin jinsi, Fulfulde tana da azuzuwan suna sama da 20. Arnott (1970) ya ƙirga 25 a karin Gombe. Kowane aji da ɗafa-ƙeyarsa, kuma sau da yawa baƙin farko na kalma yakan sauya in an koma jam'i:

gorko (namiji), worɓe (maza)
debbo (mace), rewɓe (mata)
Pullo (Bafulatani), Fulɓe (Fulani)

Hanyoyin jam'in Hausa suna da yawa ƙwarai, amma babu wadda take taɓa baƙin farko. Har ila yau Fulfulde tana da "mu" iri biyu: en, wadda ta haɗa da wanda ake wa magana, da min, wadda ta ware shi. Bahaushe sai ya ƙara bayani kafin ya fitar da wannan ma'ana.

Saura kalmomin da ake kafa hujja da su a kasuwa da zaure, irin su kawu da goggo da baffa da arɗo da kindirmo da burtali. Waɗannan aro ne daga Fulfulde, kuma fannonin da suka fito sun nuna hanyar da suka bi: auratayya da sarauta da kiwo. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Fulani suka riƙe sarauta tun bayan jihadin 1804, kuma gidan Sulluɓawa ya hau gadon Katsina a 1906 da Sarki Muhammadu Dikko. Yadda aron ya shiga ma shaida ne. Burtol ta zama burtali domin Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Kaaɗo da jam'inta Haaɓe kalma ɗaya ce a Fulfulde, sauyin k zuwa h ne kawai irin na Pullo da Fulɓe. Hausa ta karɓi Kaɗo da Haɓe kowacce a kan kanta, ta bar ƙa'idar da ta haife su a can, har yau kuma ba a ji Bahaushe ya yi jam'in wata kalmarsa ta wannan hanya ba.