Baƙin Kifaye a Tekun Bahar Rum

A shekarar 1869 aka buɗe Mashigin Suwez a ƙasar Masar, wanda ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum. An haƙa shi ne domin jiragen ruwa, amma kifaye ma sun sami hanya. Da farko gishirin da ya yi yawa a tafkunan da ke tsakiyar mashigin ya tare su. Sannu a hankali gishirin ya ragu, sannan madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ta rage ruwan Nilu mai daɗi da ke kwarara kusa da bakin mashigin. Ɗumamar teku kuma ta sa baƙin suka sami wurin zama.

Yau fiye da nau'i ɗari na kifayen Bahar Maliya sun shiga Bahar Rum. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lagocephalus sceleratus, ɗan'uwan talibambam ɗin kogunanmu, wanda aka fara gani a gaɓar Turkiyya a 2003. Yana yayyaga tarun masunta da haƙoransa, kuma hantarsa da ƙwansa na ɗauke da dafin da wuta ba ta kashewa, wanda ya hallaka mutanen da suka ci shi.

To, yaya masana ke tabbatar da cewa kifi baƙo ne? Labarin baki bai isa ba. Dole a kama kifin, a rubuta rana da wuri, a ƙirga ƙayoyin fiffikensa da ɓawon jikinsa, a adana shi a gidan ajiyar halittu domin wani ya sake dubawa. Yanzu ana ƙarawa da binciken ƙwayoyin gado. Amma duk wannan ba ya amfani sai an san mazauna ruwan tun asali.

Nan ne batun ya shafi ɗaliban Batsari da Safana, ko da yake teku na nesa da su. Madatsar Zobe da ke Dutsin-Ma ta mayar da kogin Karaduwa tafki, kuma kifayen da ake kiwo a kududdufai kan tsere lokacin ambaliya. Makarantar da ta rubuta sunayen kifayen da masunta ke kamawa, da hotunansu da ranakunsu, ta ajiye ma'aunin da za a gane baƙo da shi ranar da ya iso.