Ƙaryar Da Na Yi Wa Likita A Gaban Umma

Na daɗe ina saƙa da warwara kan wannan labari don kunya, amma da na ga yadda 'yar shisha ta aljihu ta cika jakunkunan 'yan mata, har da masu kayan makaranta, sai na ce bari dai in faɗa.

Ni dai a wajen kamun wata ƙawata na fara. Aka miƙo min wani ɗan abu kamar biro, na zuƙa, sai ƙanshin mangwaro. Babu wuta, babu toka, babu warin da zai kama mayafi. Aka ce ai wannan ba taba ba ce, tururi ne kawai. Shi ne sigarin lantarki, wanda wani ɗan ƙasar Sin mai haɗa magunguna, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003. Batir ne a ciki yake ɗumama wani ruwa, kuma mafi yawan ruwan nan akwai nikotin, wato sinadarin nan na taba da ke kama mutum ya kasa bari. Kafin shekara ta zagayo, wallahi in ban zuƙa ba ko karatu ba ya shiga kaina.

Saura wata uku bikina aka gano ƙari a jikin ƙwan mahaifata, aka sa ranar tiyata. Likita na cike takarda, Umma na zaune a gefe da carbinta, sai ya ɗago ya ce, "Malama, kina shan taba ko shisha?" Kafin in buɗe baki Umma ta ce, "Haba likita, 'yar tawa?" Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce a'a. A zuciyata har ina cewa ai ban yi ƙarya ba, tunda ba taba ya gani a hannuna ba. A daren da za a kwantar da ni ma sai da na shiga banɗaki na zuƙa, wai don in rage fargaba.

Aiki ya yi kyau, aka sallame ni. Ina komawa gida na ci gaba da halina a ɓoye. Ga tari, kuma duk wadda aka taɓa yi wa ɗinki a mara ta san mene ne tari: ji kike kamar cikin zai tsage. Ana cikin mako na biyu gefe ɗaya na ɗinkin ya buɗe, ya fara fitar da ruwa.

Nas ɗin da ke min wankin ciwo, wata dattijuwa mai kaifin ido, ita ta tura Umma sayo magani, sannan ta rage murya ta ce, "'Yata, tsakaninki da Allah, me kike zuƙa?" Sai hawaye. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ya jawo ba, don ciwo kan buɗe saboda wasu dalilan, amma na taimaka masa da hannuna.

Ga yadda ta fahimtar da ni. Ciwo da jini yake warkewa, domin jini ne ke kai wa wurin iskar oksijin da abinci da dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Shi kuwa nikotin aikinsa matse ƙananan jijiyoyin jini, musamman na fata, kamar an taka tiyon ban ruwa. Bakin ciwo biyu da aka haɗa da zare suna jiran jini, jinin yana zuwa ƙyas-ƙyas. To ta yaya za su kama juna? Kuma nikotin bai san daga ina ya fito ba, ko karan sigari, ko tukunyar shisha, ko ɗan biron nan mai ƙanshi. Ita shisha ta tukunya ma da ƙarin masifa, don gawayinta na fitar da irin gubar hayaƙin janareto, wadda ke kama gurbin oksijin a cikin jini. Sannan ga mai allurar barci: huhun mai zuƙe-zuƙe ya fi saurin tari da tara majina, shi ya sa yake son ya sani tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa masu shan taba da suka daina aƙalla mako 4 kafin tiyata sun fi samun sauƙin warkewa. Ni tsakanin ranar da aka yi min tambayar da ranar aikin mako 5 ne cif. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Da na ce wa likita ina son magana da shi ni kaɗai, da ya ba ni hanyar dainawa, kuma sirrina ba zai kai kunnen Umma ba, don aikinsu ya hana. Ko aikin gaggawa ne ma, irin na afendis ko na haihuwa, da babu lokacin dainawa, faɗar gaskiyar kan sa su shirya. Bayan aikin kuma ba a komawa, don lokacin ne ciwon ke tsananin buƙatar jini.

Sai da na yi kusan wata biyu ina zaryar wankin ciwo. Aka ɗaga biki, dangin miji suka fara ƙus-ƙus wai ko an cire min mahaifa ne ana ɓoyewa. Dole na zaunar da wanda zan aura na gaya masa komai. Ya yi shiru, can ya ce, "Ina abin yake?" Na ciro daga ƙasan akwatin lefe na miƙa masa. Makon farko na sha ciwon kai da saurin fushi, har Umma tana cewa zafin ciwo ne. Ita har yau haka ta sani, sai fa in ƙanwata ta karanta mata wannan shafi.