Makaɗan Turai: Shahara Daban, Abin Kai Wa Bakin Salati Daban

Lokacin da BBC ta sanar a watan Maris na 2023 cewa za ta rushe ƙungiyar mawaƙanta ta BBC Singers, mai mutum 20, wasu sun ɗauka rigimar 'yan gata ce. Hayaniyar jama'a ta sa aka janye shawarar, amma kuskuren fahimtar yana nan: ana zaton duk mai sanye da baƙar kwat yana goga goge a babban zaure ya gama da talauci.

Ƙidayar makaɗan Birtaniya ta 2023 ta nuna matsakaicin abin da makaɗi ke samu daga kiɗa a shekara bai wuce fam 20,700 ba. Taurari irin su Sheku Kanneh-Mason, wanda ya yi kiɗa a bikin Yarima Harry a 2018, 'yan ƙalilan ne. Saura suna fafutukar neman gurbi a ƙungiyar makaɗa, inda akan gwada su a bayan labule, ko kuma su haɗa koyarwa da kiɗan coci da na fim.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, haka sana'ar take tun azal. Joseph Haydn ya shafe kusan shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Esterházy, sanye da kayan barori, kamar yadda Narambaɗa ya rayu a inuwar Sarkin Gobir na Isa. Bach kuwa malamin yara ne a Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750. Borodin masanin kimiyyar sinadarai ne, Philip Glass ya tuƙa tasi a New York. Namu Fela Sowande ya kaɗa ogan a coci a Landan, ya yi aikin rediyo a Legas, ya ƙare da koyarwa a jami'o'in Amurka. Wa zai ce waɗannan sun gaza?

Nasara a wannan sana'a ita ce mutum ya tsufa yana aikinsa, ya ciyar da iyalinsa, ya bar almajirai. Jamus ta gane haka, shi ya sa take riƙe da ƙungiyoyin makaɗa sama da 120 da kuɗin gwamnati.

Don haka iyaye su daina auna ɗansu da mudun taurari. Hukumomin raya al'adu kuma su sani, tafi ba ya biyan kuɗin haya. Makaɗi ma'aikaci ne, a biya shi haƙƙinsa.