Motar lantarki ta ƙi shiga giya? Kada ka yi gaggawar kwance ta

A 'yan shekarun nan motocin lantarki sun fara ɓullowa a titunan Accra da Kumasi, kuma da yawansu na hannu ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare, shi ya sa in an zauna hira a Zango ake yawan jefo mini tambaya a kansu. Wadda ta fi maimaituwa ita ce: "Malam, mota ta kama, allo ya kawo wuta, amma giya ta ƙi fita daga P. Giyabos ne ya mutu?"

Galibi amsar ita ce a'a. Yawancin motocin nan ba su da kuloci, ba su da giya ɗaya zuwa biyar irin na motar fetur. Giya guda ce tal, aikinta rage saurin juyawar injin lantarki kafin ƙarfin ya isa taya. Ribas ma ba wata giya ba ce, injin ne ke juyawa da baya. Ƙalilan ne suka fita daban, irin Porsche Taycan da ta fito a 2019 da giya biyu a ƙafafun baya. Shi kuwa abin da kake murɗawa zuwa P, R, N ko D, babu ƙarfen da ya haɗa shi da giyar. Saƙo kawai yake aika wa kwamfutar mota, ita kuma sai ta duba sharuɗɗanta kafin ta yarda. To ka ga in ta ƙi, sau tari wani sharaɗi ne bai cika ba.

Fara da masu sauƙi. Wayar caji tana jone? Motar ba za ta motsa ba sai an cire ta, don kada ka fizgo ta. Ka taka birki sosai kafin ka danna maɓallin tayarwa? In ba ka taka ba, rediyo da fanka za su yi aiki, amma motar ba ta shirya tafiya ba. A Nissan Leaf, alamar shirin ita ce koriyar fitila mai siffar mota a allo. Wasu motocin kuma sukan mayar da kansu P in ƙofar direba na buɗe kuma ba a ɗaura bel ba. Duba batirin rimot ma. Sannan ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki. In jajayen fitilu ba su kama ba, a duba fiyus da ɗan makunnin da ke jikin abin taka birkin, domin shi ne ke shaida wa kwamfuta cewa ka taka.

Babban wanda ake zargi kuwa shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, irin wanda ke cikin kowace mota. Mutane kan yi mamaki: ga babban batir cike da caji, me ya kawo maganar ƙarami? Ai shi ne ke kunna kwamfuta, shi ne kuma ke jona babban batirin da injin. In ya yi sanyi, sai allo ya cika da gargaɗi kala-kala, giya ta ƙi shiga. Motar da ta yi makonni a jirgi da tasha ba a tayar da ita ba, ga kuma zafin ƙasarmu da ke rage wa batir kwana, ba abin mamaki ba ne. Mitar gwada wuta ta isa: lafiyayye yakan nuna wajen 12.6 in mota na kashe, ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni. Ana iya jona shi da batirin wata mota bisa ƙa'idar da littafin motar ya nuna.

Wani maƙwabcina saura kaɗan ya aika Abossey Okai neman giyabos, da kuɗin da ya ware na makarantar yara. Na ce masa: "Alhaji, don Allah a gwada ƙaramin batir tukuna." Da aka sauya shi, mota ta shiga D nan take.

Akwai fa matsalar da daga masana'anta take. A 2022 kamfanonin Hyundai da Kia sun yi kiranyen Ioniq 5 da EV6 a Amurka, saboda tangarɗar da kan iya sakin P har mota ta gangara. Maganin shi ne sabunta manhaja. In motarka daga Amurka ta zo, shigar da lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA, za ka ga ko akwai gyaran kiranye da ba a yi mata ba. Kuma ka saba ɗaura birkin hannu duk inda ka tsaya, musamman a gangare, don nauyin mota kada ya tattaru a kan ɗan ƙarfen da ke riƙe P.

Abu biyu nake roƙo a kiyaye. Na farko, kada a ja motar da igiya tayoyinta na juyawa a ƙasa. Injin kan koma janareta ya haifar da wutar da za ta iya lalata kayan lantarkin, don haka a ɗora ta kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya. Na biyu, manyan wayoyi masu launin lemo suna ɗauke da wuta wajen bolt 400, wasu ma 800. Wannan kisa take yi. Makanikenmu na Suame gwani ne a injin fetur da dizal, amma in bai koyi aikin babbar wuta ba, kada kunya ko sanayya ta sa ka bar shi ya taɓa su.

In duk an duba waɗannan giya ba ta shiga ba, ko kana jin ƙara daga ƙasa lokacin tafiya, sai a nemi mai na'urar karanta lambobin matsala kafin a kwance ko da noti ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare hanya.