YARINYAR DA TA SASSAƘA AMALANKEN ƘANƘARA

Mu malaman makaranta mun sha ganin yaran da ba su yarda su shiga tsere sai sun tabbata za su zo na ɗaya. Saboda su, da iyayensu, muka kawo wannan labari.

A ƙasashen sanyi akwai wani wasa da ake kira bobsiled. Amalanke ne mai kama da kwalekwale, ba shi da taya, sai ƙarafa masu santsi a ƙarƙashi. Mutum biyu su kan tura shi da gudu wajen mita 50, su yi tsalle su faɗa ciki, ya gangara da su cikin wani kwararo na ƙanƙara mai lanƙwashe-lanƙwashe. Gudunsa ya kan wuce kilomita 120 a awa guda. Na gaba shi ke tuƙi, na baya ya ja birki a ƙarshe.

An haifi Seun Adigun a Chicago ta Amurka a 1987, iyayenta kuwa 'yan Nijeriya ne. Da tseren tsallake shinge ta fara. Ta ci wa Nijeriya zinariya a gasar Afirka a 2010, amma a Olimfik na London a 2012 ba ta wuce zagayen farko ba. Ba ta yi zuciya ba. A 2015 ta koyi bobsiled a ƙungiyar Amurka, sa'an nan ta ƙudura sai ta kafa wa Nijeriya tata ƙungiya.

To, ina amalanke, ina ƙanƙara? A Houston take zaune, garin zafi. Sai ta samo katakai ta harhaɗa amalanke a gareji, ta sa masa suna Maeflower don tunawa da 'yar'uwarta da ta rasu. Ta jawo 'yan tsere biyu, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, suka riƙa tura shi a busasshiyar ƙasa. Kuɗin tafiye-tafiye kuwa, jama'a suka roƙa ta intanet, har suka tara dala 75,000. Duk wannan tana karatun aikin gyaran ƙashin baya.

A watan Nuwamba 1917 babu wanda zai yi mafarkin haka, amma a Nuwamba 2017, a Calgary ta Kanada, suka cika sharuɗɗan shiga Olimfik na hunturu. A Fabrairu 2018 suka shiga fili a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu da tutar Nijeriya. Kafin su, babu wata ƙungiyar Afirka da ta taɓa yin bobsiled a Olimfik.

Sun ci? A'a. Cikin amalanke 20, su ne na ƙarshe. Daga baya aka soke sakamakon 'yan Rasha saboda shan haramtaccen magani, suka koma na 19.

Mu kan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da Seun ta bi wannan magana, da Nijeriya ba ta je ba sam. Iyaye, in 'yarku ta zo da wani nufi mai kyau wanda ba a saba gani ba, kada dariya ta zama amsarku ta fari. In kuma ta zo ta ƙarshe a tsere, ku tambaye ta ko ta kai layi. In ta kai, ku yi mata barka.